Amalar Iya a layukan Sabon Garin Kano

Duk mai son amala ta ainihi a Kano, in dai bai ɗaure wa kansa sai ya ci a kan kujerar kushin cikin sanyin na'ura ba, ina ba shi shawara ya nemi wata rumfa da ke cikin layukan gidaje na Sabon Gari. Ba ta da allo, ba ta da suna, ba ta Facebook balle a ga hotonta. In ka baro kasuwa ka tsallaka France Road ka miƙe Igbo Road, sai ka ratse layukan da ƙarar injinan ɗab'i ta fi yawa, ka tambayi kowane yaron maɗaba'a inda suke cin amala da rana. Ba zai tsaya tunani ba zai nuna maka. Mai wurin dattijuwa ce Bayarabiya, kowa Iya yake ce mata, tun daga ɗan dako har tsohon mai shagon da ya girme ta.

Ni sana'a ce ta haɗa ni da ita. Ina karɓar aikin ɗab'i daga cikin gari, katin ɗaurin aure, kalanda, littafin rasit, takardun jarrabawar makarantun Islamiyya, fastar 'yan takara in kakar zaɓe ta kama, in kai wa masu injina a Sabon Gari. Wanda ya san wannan aiki ya san rabinsa jira ne: jiran wuta, jiran layi ya zo kanka, jiran tawada ta bushe kafin a yanka takarda. Mai jira kuwa dole ya ci abinci. Na daɗe ina cin na Iya, da rani da damina, don haka abin da zan faɗa ba na ɗanɗanon yini ɗaya ba ne.

Gidan irin ginin hayar nan ne na da wanda ya cika unguwar: doguwar hanya a tsakiya, ɗakuna jere hagu da dama suna kallon juna, banɗaki da madafa can ƙurya na kowa da kowa. Iya ta kama ɗakuna biyu na gaba, ta kafa rumfar kwano a bakin ƙofa. Bencina ne da tebura masu shimfiɗar leda, fanka ɗaya a sama, sai babbar robar ruwa da moɗa da sabulu a bakin shiga. Sauran gidan har yau mutane ne a ciki. Kana cikin ci za ka ga yaro ya dawo daga makaranta ya rusuna ya gaida Iya ya shige, ko wata ta ratsa da bokitin wanki a ka. Tukwanen a gabanka suke, ba labule tsakaninka da su. Abin da za a zuba maka kana kallonsa, mai zubawar ma kana kallon hannunta, kuma a wurina wannan ya fi kowane ado.

Amalar ita ce dalilin zuwa. Da yawa daga mutanenmu sun ɗauka da ɓawon doya zalla ake yin ta, shi ya sa wasu ke yatsina fuska in an ambace ta. Ta kirki ba haka take ba. Doya ce ake yayyankawa, a ɗan jiƙa ta a ruwan zafi, a shanya ta bushe ƙamas, sannan a niƙa, kuma a wurin bushewar ne take yin duhun nan. Iya ba ta sayen niƙaƙƙen gari, ta ce a cikinsa ake ɓoye garin rogo. Busasshiyar doyar ake kawo mata a buhu daga ƙasar Oyo, ta sa a kakkaɓe a tsince, ta aika inji a niƙa a gaban yarinyarta, a dawo a tankaɗe. Tuƙin kuwa ba a yin mai yawa a jibge. Wata mata ce ƙaƙƙarfa ke wannan aiki. In garin ya shiga tafasasshen ruwa sai ta sauke tukunyar ƙasa, ta danne ta da tsumma tsakanin ƙafafunta, ta riƙa jan muciya tana bugawa a jikin tukunyar har amalar ta yi sulɓi tana sheƙi. Ta yayyafa ruwan zafi, ta mayar kan wuta ta rufe ta turara, ta sake saukewa ta sake bugu. Da mara ake kwaso maka, tana tururi. Ban taɓa cin karo da gudaji a cikinta ba, ba ta da tsamin nan na garin da ya kwana a danshi, kuma ba ta da nauyi a ciki. Kana gamawa ka koma bakin aiki, abin da sakwara ba za ta bar ka ka yi ba.

Miya uku ake haɗa maka a kwano ɗaya, su suna kiran haɗin abula. Akwai ewedu, wato lalo, da ake dafawa da 'yar kanwa a kaɗa da guntuwar tsintsiyar da aka ware don wannan aiki kaɗai, a sa daddawarsu wadda ba a daka ba, ƙwayoyin kalwar suna nan ɗai-ɗai. Akwai gbegiri, miyar wake da aka surfe aka dafa har ya narke aka tace, rawaya, da ɗan manja. Sai jar miya ta tattasai da attaruhu a kai. Wanda ya tashi da miyar kuka da miyar wake ba zai ji baƙunta a wannan kwano ba. Gbegirin Iya ita ce ta raba ta da sauran masu amalar da na sani. Ba ta tsinke ba, ba ta kuma yi kaurin fate ba, sannan babu ƙaurin ƙonewa, wanda shi ne aibin da ya fi kama wannan miya, domin waken da ya narke ba ya jimirin wuta, da ka juya baya ya kama gindin tukunya. Iya da kanta take tsayawa a kanta, ba ta barin yara. Waken daga Dawanau yake, tattasai da attaruhu daga 'Yankaba, manjan kuma nan kusa take saya a Galadima.

Na san tambayar da ke zuciyar mai karatu, don ita ake fara yi mini duk sanda na ambaci cin abinci a Sabon Gari: naman fa? Iya Musulma ce, ta sauke farali, kuma mahaucin da ke kawo mata nama Bahaushe ne, daga abbatuwa ta wajen Ƙofar Mazugal yake zuwa da shi kowace safiya a bayan babur. Na san shi, muna gaisawa. Akwai tsokar sa, akwai akuya, akwai tumbi da ganda da ƙafar sa, akwai kifi banda. Kai za ka tsaya gaban tukunya ka nuna wanda ya yi maka, a ɗago shi da cokali ka gani kafin a saka. Gandarta tana dahuwa har ciki, ta sha miya, ba irin wadda za ka yi ta ja da haƙori ba. Naman akuyar ne wani lokaci yake zuwa da tauri, musamman in ka yi sammakon zuwa bai daɗe a miya ba. Ba a sayar da giya a wurin, ba a kuma yarda a shigo da ita. Na ga ranar da wani matashi ya zo da kwalba a hannu, Iya ta dube shi ta ce, "Ɗana, ba a shigo mini da wannan. Ajiye ta can waje ka dawo in zuba maka." Bai yi musu ba.

Dole in ɗan tsaya a nan, domin tambayar naman ba ta nama kaɗai ba ce. A kunnen yawancin mutanen cikin gari, Sabon Gari abu biyu ce, kasuwa da rana, mashaya da dare. Duka biyun akwai su, ba mai musawa, kuma akwai layukan da ni ma ba na bi in duhu ya yi. Amma tsakanin kasuwar da mashayar akwai unguwa mai gidaje, mai makarantun firamare da masallatai da majami'u da masu wanki da guga da masu niƙa, inda aka haifi mutane suka girma suka yi aure har suka aurar da jikoki. Wannan unguwar ce ba mu sani ba, alhali ta haura shekara ɗari tana maƙwabtaka da mu. Mutum zai shekara yana sayayya a kasuwar Abubakar Rimi bai taɓa taka layi biyu bayan France Road ba.

Turawa sun ci Kano a 1903. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai ga buƙatar akawuna da ma'aikatan reluwe da kafintoci da masu awo a kantunan kamfanoni. Masu irin wannan ilimi a lokacin daga Ikko da ƙasar Yarbawa suke zuwa, wasu ma daga Saliyo da Gwalkwas, Ghana ta yau. Turawa ba su so waɗannan baƙi su zauna cikin ganuwa ƙarƙashin Sarki da alƙalansa, ba su kuma so su raɓe su a tasu unguwar, sai suka yanka musu fili bayan Fagge a wajen 1913. Aka ja layuka a miƙe, aka raba fulotai daidai wa daida. Shi ya sa har gobe baƙo ba ya ɓata a Sabon Gari yadda yake ɓata a lungunan Yakasai ko Ƙoƙi. Mutanen Ibo daga baya suka yawaita, bayan an gama gadar jirgi ta Makurɗi a 1932 hanyar gabas ta miƙe har Arewa. Wani abin da ake mantawa shi ne, tun farko akwai Hausawa da Nufawa cikin mazauna unguwar, ba 'yan Kudu kaɗai ba. Ta zauna a hannun hukumar Turawa kai tsaye har zuwa 1940 da aka mayar da ita ƙarƙashin En'e ta Kano.

In ka bi layukan da ƙafa kana karanta sunayensu, za ka ga daga inda mutanen suka fito da inda zamani ya kai su: Abeokuta, Warri, Enugu, Aba, Freetown, Gold Coast, Zungeru, Burma. France Road da Ballat Hughes kuwa sunayen mutum biyu ne da suka shugabanci unguwar a zamanin Turawa. Jefi-jefi za ka ga tsohon gini mai baranda da tagogin katako ya maƙale tsakanin sababbin benaye, shekarar da aka gina shi rubuce a goshinsa.

Kakan Iya, a yadda ta ba ni labari, daga Ogbomosho ya zo yana saurayi yana tallan tufafi. Mahaifinta a Sabon Gari aka haife shi, ita ma haka, 'ya'yanta da jikokinta ma haka. Hausarta ta Kano ce tsantsa, in tana yi wa 'yan aikinta faɗa ba ka ganin fuskarta sai ka rantse wata Hajiya ce daga Fagge. Ogbomosho sai biki ko rasuwa ke kai ta, kuma ta ce in ta je dangi 'yar Kano suke ce mata. Amma a nan, ranar da jikanta ya je neman takardar shaidar asali don shiga makaranta, tambayar farko da aka yi masa ita ce ina ne garinsu. Ta faɗa mini wannan tana kwasar amala, ba tare da ɗaga murya ba, kuma abin ya tsaya mini a rai. Mu ma muna da namu a Sabo ta Ibadan da Shagamu da Agege, waɗanda kakanninsu suka bi goro da shanu suka tafi ba su dawo ba, kuma mun san zafin da muke ji in an ce musu baƙi a garin da aka binne iyayensu. Wanda aka haifi ubansa a Kano, yana biyan haraji a Kano, yana jana'izar maƙwabtansa a Kano, ni dai Bakano nake ganinsa.

Daga azahar zuwa wajen biyu da rabi benci ba ya isa. Za ka tarar da Ibo mai kayan gyaran mota da yaransa masu koyon kasuwa, irin waɗanda ke yi wa ubangida hidima shekaru kafin ya sallame su da jari su buɗe nasu. Ga ma'aikaciyar jinya 'yar Binuwai, ga masu injin ɗab'i hannu duk tawada, ga direban Adaidaita Sahu ɗan Gezawa, ga ɗan sanda mutumin Filato, ga Buzu mai gadi da rawaninsa. Da Hausa ake yawancin magana, sai Turancin buroka in ta ƙi. Na sha jin Ibo da Bayarabe suna cinikin bandir ɗin takarda da Hausa daga farko har ƙarshe, don ita ce ta haɗa su. Musun wurin ba ya wuce ƙwallo, Pillars da tsohon filinta ke nan cikin unguwar, da Arsenal da Chelsea, sai farashin dala da na man fetur.

Akwai wani littafi mai baƙin bango da Iya ke ajiyewa ƙarƙashin tiren canji. Na bashi ne. Wata rana wani ɗan dako ya shigo ya ajiye baronsa, ya tsaya nesa da tukunya yana sosa ƙeya. Ya ce, "Iya, yau kasuwa ba ta yi ba." Ta ce, "Wanke hannu ka zauna. Gobe ma rana ce." Ta zuba masa malmala biyu da ganda ɗaya, ta buɗe littafin ta ja layi. Ba ta tambaye shi garinsu ba, ba ta tambaye shi sallarsa ba. Ta ce mini waɗanda suka gudu da kuɗinta ba su kai waɗanda suka dawo suka biya har da godiya ba. Abu ɗaya ne ba ta ɗauka a rumfarta, musun addini ko na ƙabila. Da ta ji an soma sai ta buga cokali a murfin tukunya, kowa ya koma kan kwanonsa.

Tana da dalilin buga wannan cokali. A watan Mayun 1953 an zubar da jini tsakanin Sabon Gari da maƙwabtanta, lokacin da 'yan siyasar Kudu suka zo neman goyon baya kan batun 'yancin kai. A 1966 aka yi kashe-kashen da suka sa Ibo suka kwashe suka nufi gabas, gidaje da shaguna da dama suka zauna a rufe har aka gama yaƙin basasa a 1970. A Oktoban 1991 aka yi rikicin zuwan mai wa'azin nan Bajamushe, Reinhard Bonnke. A Maris ɗin 2013 bam ya tashi a tashar manyan motoci ta New Road, ya ci matafiya da masu talla da 'yan kamasho, Kirista da Musulmi. A Maris ɗin 2016 kuma gobara ta lashe babban sashe na kasuwar, ta mayar da masu jari da yawa ba su da ko sisi. Duk wanda ya haura shekara hamsin a wannan unguwa ya taɓa kwana da takalmi a ƙafa.

Iya tana yarinya a 1966. Ta ce maƙwabcinsu Ibo, daren da zai tafi, ya miƙa wa mahaifinta makullin gidansa. Mahaifin nata ya zuba 'yan haya, yana karɓar kuɗin yana rubutawa yana ajiyewa. Bayan yaƙi mutumin ya dawo daga shi sai rigar jikinsa, aka damƙa masa makulli da littafi da kuɗi, da su ya sake kafa shago. Jikansa yana cikin masu cin amala a rumfar, kuma in ya shigo sai ya rusuna ya ce "Mama" kafin ya zauna. Na ji irin wannan labari daga bakin wasu tsofaffin, har da na Hausawan da suka riƙe amanar gidaje haka. Sai dai gaskiya ba ta ƙare a nan ba. Bayan kowane rikici mutane sun ƙara rarrabuwa, iyalan Hausawa da dama sun tashi daga unguwar, wasu layukan aka sa musu ƙofofin ƙarfe da ake rufewa da dare, mu kuma na cikin gari muka rage shiga in ba ciniki ba. Wannan asara ce gare mu duka, kuma ba na jin daɗin yadda muka saba da ita.

To, ga aibobin wurin, don kada in tura mutum ya tarar da abin da ban gaya masa ba. Na farko zafi. Rufin kwano ne, ga murhun gawayi suna ci a gefe, fanka ɗaya ce, in an ɗauke wuta shi ke nan. A watan Maris da Afrilu za ka fito riga ta jiƙe sharkaf. Na biyu kwata. Magudanan ruwan unguwar an yi su ne tun gidaje ba su cika haka ba, yanzu kowane fuloti ya ninka mutanensa, leda da robobi sun toshe hanyar ruwa. In aka yi ruwan Agusta sai ka taka bulo kafin ka shiga rumfar, kuma wari yana tasowa, ƙuda na biye da shi. Iya tana biyan yaro ya kwashe gabanta kowace safiya, amma kwata ba ta mutum ɗaya ba ce. Na uku kuwa laifin wurin ne da kansa. Ruwa daga 'yan garuwa ake saye, kuma in cinkoso ya yi yawa yaran ba sa sauya ruwan ɗauraye kwanuka yadda ya kamata. Na gaya wa Iya, ta yi musu faɗa a gabana, an gyara kwana biyu, amma in ba ta sa ido ba sai a koma. Wannan abu ne da ya kamata ta tsaya a kansa yadda take tsayawa a kan gbegirinta.

Mata ma ba a yi musu tanadi ba. Maiɗakina tana son amalar, amma ba za ta zauna benci ɗaya da maza kafaɗa da kafaɗa ba. Iya takan shigar da mata ɗakin ciki, sai dai ɗakin a matse yake, buhunan doya sun cinye rabinsa. Da za a kwashe su a sa tabarma ko kujeru huɗu, da matan cikin gari da ke zuwa sayayya kasuwa sun samu wurin zama, ita ma ciniki ya ƙaru.

Sauran abincin bai kai amalar ba. Dafa-dukarta ba ta da wani armashi, agushinta manja ya yi masa yawa, sakwara kuwa ta turmi ce ta gaske amma ba kullum ake dakawa ba. Alalarta ta cikin ganye tana da kyau. Yajin jar miyar na Yarbawa ne, ba wasa, mai gyambon ciki ya yi hattara.

Batun kuɗi, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya tashi, nata ma ya tashi ba sau ɗaya ba. Abin da na yaba shi ne ta gwammace ta ƙara kuɗi a fili da ta ƙanƙantar da malmala ko ta cuɗa garin da rogo, kamar yadda wasu suka yi. Malmala biyu da nama biyu ba su wuce abin da za ka biya a farantin shinkafa da miya da nama a Fagge ba. Naman ɗai-ɗai ake ƙirgawa, kowane iri da kuɗinsa, don haka ka tambaya kafin ka nuna. Ana karɓar taransfa ta asusun 'yarta, amma in layi ya tsaya za ka zauna jira, gara ka zo da tsabar kuɗi ko ka cira wurin mai POS na bakin layin.

Akwai abin da ya fi zafi da kwata damuna. Tsofaffin gidajen haya na unguwar ana ta sayen su ana rushewa, ana mayar da su jerin shaguna da sito da otal. Kuɗin haya ya fi ƙarfin ma'aikaci da ƙaramin ɗan kasuwa, iyalai suna ta komawa No Man's Land da Jaba da Badawa. Layin da a da za ka ga yara suna buga ƙwallo da yamma, yanzu da an rufe shaguna sai masu gadi. Layin da ba masu kwana a cikinsa kuwa ba mai share kwatarsa, ba mai gane baƙuwar fuska da dare. Gidan da Iya take ciki ma magada sun fara maganar sayarwa. In hakan ta faru za ta iya samun wani shago a wani wuri, amma ba za ta samu ma'aikaciyar jinyar nan da ɗan dakon nan da jikan maƙwabcin mahaifinta a benci ɗaya ba, domin unguwar ce ta tara mata su.

Mai niyyar zuwa ya zo tsakanin sha biyu da ƙarfe biyu, kafin la'asar an kankare tukunya. Ranar Juma'a ana rufewa a tafi masallaci, sannan a buɗe. Lahadi ba ta fitowa, unguwar ma ranar ta majami'u ce, maɗaba'u da yawancin shaguna a rufe. Kada ka zo da mota, ba wurin ajiyewa, ka hau Adaidaita ka sauka France Road ka ƙarasa da ƙafa. Akwai masallaci a layin baya in azahar ta riske ka. In zuwanka na farko ne ka ce a ba ka malmala ɗaya da abula da ganda, a rage jar miya, in ta yi maka ka ƙara. In kuma gida za ka kai, ka zo da kula biyu, ɗaya ta amala ɗaya ta miya, domin in aka ƙulla ta a leda kafin ka haye Ƙofar Mata ta yi gumi ta saki.